Farin Ƙyallen Kawu Luom

Xom Ganh, ranar Litinin

Zuwa ga 'yata Lieu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mahaifiyarki da gwiwar nan tata. Mu nan ƙalau muke, in ban da matata, innarki Tham, da tari ya sa a gaba, ta kuma ƙi shan komai sai ruwan citta. Kunnuwana suna nan yadda nutso ya bar mini su, ado kawai. Shi ya sa nake rubuto miki, don in na ɗaga waya ni da mai magana da tukunya duk ɗaya ne.

Na san za ki yi mamakin ganin takardata. Kakarki da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne, amma rabonki da ƙauyen nan tun kina 'yar makaranta. Ba ƙorafi nake yi ba, faɗa dai nake.

Jiya da safe na fita duba komata ta bayan duwatsu, sai na tarar da Kakan Teku kwance a bakin ruwa. Ƙarami ne, irin mai dogon bakin nan da ku 'yan boko kuke kira dolfin, amma kada in ga wannan sunan a leɓenki in kin zo. Da ransa na same shi. Na tura shi ruwa, ya yi kewaye ya dawo. Na sake kai shi har ruwa ya kawo mini ƙirji, ya sake juyowa ya dawo daidai ƙafafuna. Daga nan sai na zauna na ɗora kansa a cinyata, ina zuba masa ruwa da hulata har numfashin ya tsaya.

Kin san al'ada. Wanda ya fara ganin Kaka shi ne ɗansa na fari. Tsoho Ba Kinh, mai kula da ɗakin bautar Kaka, ya zo da kansa ya ɗaura mini farin ƙyallen makoki a goshi. Ni Luom, da ban taka ɗakin nan ba tun shekarar da teku ya riƙe ɗana Tin. Babu wanda ya faɗi haka a cikin taron, amma na ga kowa yana faɗa da ido.

An naɗe shi da jan yadi, yana cikin ƙanƙara a rumfar ɗakin. Ba za a binne shi ba sai mako mai zuwa, in jiragen da suka yi nisa sun dawo. Dole ɗan fari ya sanar da dangi, na kusa da na nesa, to ga shi na sanar. Direban motar da ke kai kifi Saigon kullum shi zai miƙa miki wannan, in da amsa ki ba shi.

Kawunki,
Luom

*

Saigon, ranar Talata

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna Tham. Mama ta ce a gaya mata citta ba ta korar tarin da ya yi wata guda. Gwiwar da sauƙi.

A tsaye na karanta takardarka. Zan zo jana'iza. Amma akwai abin da ban taɓa gaya muku ba, don Mama ta ce mutanen gida za su ce na taɓu. Ka san aikina a asibiti ɗaukar hoton cikin kan mutane ne. To karatun da nake ƙarawa a kan ƙwaƙwalwar dolfin ne, gafara, ta Kaka. Ni da malamata mun daɗe muna neman ko guda. Duk wanda ya fito gaɓa, ko ya ruɓe kafin labari ya iso mu, ko an riga an binne shi. Abin da muke karatu da shi hotunan wasu ƙasashe ne, na irin da ba na tekunmu ba. Yau ga guda kwance cikin ƙanƙara, kuma mai iko da shi kawuna ne.

Kan kawai muke buƙata. Yadda ake yi shi ne a cire shi daga wuya, a jiƙa shi cikin maganin hana ruɓewa na 'yan watanni, sannan a saka shi a na'ura. In mun gama za mu dawo da ƙoƙon kan tun kafin shekara ukun nan su cika a tono ƙasusuwa bisa al'ada. Ƙarƙashin jan yadi babu wanda zai lura. Kada dai a bari ya daskare, a riƙa zuba ƙanƙara a gefe kawai.

Ka amsa mini gobe, Kawu, don kowace rana tana rage abin da za mu iya gani.

'Yarka,
Lieu

*

Xom Ganh, ranar Laraba

Lieu,

Muna lafiya. Tham ta ji saƙon, ta ƙara citta.

Na karanta takardarki, sannan na sa ta a murhu don kada wani ya tsince ta ya san irin jinin da muka haɗa. Ashe abin da ake koya muku ke nan a birni. Ran da mahaifinki ya rasu, da wani ya zo ya ce miki kan kawai yake so, ƙarƙashin likkafani babu wanda zai lura, da me za ki ce masa?

Kin ce mai iko da shi kawunki ne. Ba ni da iko da shi. Ɗa ba ya iko da gawar uba, hidimarta yake yi. Kada ki ɗauka wai na koma mai yawan ibada a kwana uku. Har yanzu akwai magana tsakanina da Kaka da ba mu gama ba. Jirgin su Tin mutum uku ne a ciki. Biyu sun dawo suna rantsuwa cewa Kaka ne ya tallafo su har gaɓa, aka yi ta kaɗa ganguna ana godiya. Ni kuwa na haƙa rami a bayan tudun yashi na binne rigar yarona, don ita kaɗai na samu. Uba kuma ba ya ɗaura farin ƙyalle don makokin ɗansa, haka muka taras, sai na yi ta yawo da goshi tsirara kamar ba abin da ya same ni. Duk da haka ba zan sa wuƙa a wuyan wanda ya mutu a cinyata ba.

In jana'iza za ki zo, ɗakin Tin yana nan an share. In da wuƙa za ki zo, ki yi zamanki.

Luom

*

Saigon, ranar Alhamis

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Mama ta karanta amsarka, ta yini tana fushi da ni. Na ji kunya ƙwarai. Zumuɗi ne ya rufe mini ido, na rubuta maka kamar ina rubuta wa abokin aiki. Tin ne ya koya mini tuƙa zagayayyen jirgin ruwan nan na kwando, yana dariya ina ta juyawa a wuri ɗaya. Bai kamata in manta gidan da nake aika wa takarda ba.

Na je wurin malamata na gaya mata babu zancen yanka. Ta ce hoton ba zai fita tas kamar yadda take so ba, na ce rabin gani ya fi rashinsa a wurinmu, daga ƙarshe ta yarda. Ga abin da nake roƙo yanzu, in ka ƙi ba zan sake tayar da maganar ba.

Na'urar da muke aiki da ita ba ta yanka, ba ta huda. Kamar babban tulu ne da aka kwantar, buɗe ta gaba da baya. Mutum yana kwanciya a kan gado, gadon ya shige da shi ciki, ƙarfin maganaɗisu ya zana mana cikin kansa falle-falle, ya fito ko gashinsa bai motsa ba. Tsofaffi da jarirai duk muna saka su. Kaka ƙarami ne, zai shiga gaba ɗayansa da jan yadinsa. Akwai wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa da ba ya ganin marasa lafiya ranar Lahadi da rana, mai shi ya amince. Motar kifi za ta kawo shi da safe, ta mayar da shi kafin rana ta faɗi. Kai za ka rako shi, babu hannun da zai taɓa shi sai da izininka. Sharaɗi ɗaya ne, ƙarfe ba ya shiga ɗakin, ko allura ce.

Me nake son gani? Ƙwaƙwalwarsu ta fi tamu ninki da lanƙwasa, kuma ɓangaren ji ya cinye wuri mai yawa, don da kunne suke ganin hanya a ruwa. Ina so in ga yadda na tekunmu yake, da idona.

'Yarka mai kunya,
Lieu

*

Xom Ganh, ranar Juma'a

'Yata Lieu,

Gaisuwa. Wannan takardar ban ƙone ta ba.

Na kai maganar gaban Ba Kinh da dattawa. An yi ta hayaniya, na gode wa kunnuwana. Tham ta ce mini wani ya ce tun da aka kafa ƙauyen nan Kaka bai taɓa hawa mota ba, wani kuma ya ce ai bai taɓa kwana cikin ƙanƙarar inji ba sai a zamaninmu, kuma bai yi ƙorafi ba. Da gardama ta ƙi ƙarewa sai Ba Kinh ya ce a tambayi mai gawar. Ya kunna turare, ya ɗauko tsofaffin kwabban nan biyu ya jefa a faranti. Jifan farko duk suka faɗi rigingine, wato Kaka yana dariya. Ba Kinh ya ce dole ya yi dariya, an ce za a kai shi asibiti bayan ya mutu. Jifa na biyu ɗaya ya kife ɗaya ya buɗe. Kaka ya yarda.

Ga sharuɗɗansu. Ba za a kwance yadin ba. Kansa ne zai fara shiga ko'ina. Za a wanke motar da ruwan ganye, kifi ko ɗaya ba zai hau ba. In an zo kan gada zan sanar da shi, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci.

Ni ma ina da nawa, kuma ban faɗa a gaban dattawa ba. Mutane suna cewa Kaka ba ya faɗa wa kowa a hannu, zaɓa yake yi. Gaɓar nan tana da tsawo, Lieu, kuma cike take da masu kai masa turare duk wata. Ya tsallake su ya zo wurin wanda ya juya masa baya, na kore shi ya dawo, na sake kora ya sake dawowa. Tun ran nan abinci ba ya shiga mini. Tunda kin ce na'urarki tana ganin cikin kai falle-falle, ki duba mini ko da saninsa ya zo wurina. Abin da nake so ke nan kawai. Kada ki gaya wa mahaifiyarki, za ta ce ni ma na taɓu.

Sai Lahadi.

Kawunki,
Luom

*

Xom Ganh, bayan sabon wata

'Yata Lieu,

Ina gaishe ki da mahaifiyarki. Tarin Tham ya tafi, kuma citta ce ta karɓi yabon. Na aiko muku da busasshen kifi da kwalbar romon kifi mai gishiri, na bara ne, ya nuna sosai.

Kin zo jana'iza kin tafi kamar wadda ake kora, ban samu zama da ke ba. Mutane sun yaba yadda kika durƙusa. Na sa ido ga direba kullum, shi kuma kullum sai ya buɗe mini tafin hannu ya nuna babu komai.

Ina yawan tuna ranar nan. Yadda kuka sa na cire bel da makullai har wandona ya nemi tona mini asiri a gaban malamarki. Yadda kowa ya toshe kunne saboda ƙarar na'urar, ni kuwa a tafin ƙafa kawai na ji ta, ina tsaye riƙe da wutsiyarsa ta kan yadi. Da kuma abin da ya faru kafin a shiga da shi, lokacin da kika sunkuya kika kara kunnenki a jikin yadin, kika zo ta ɓangaren kunnena mai ɗan saura kika ce, "Kawu, akwai abin da ke bugawa a ciki."

Agogon Tin ne, kin gani. Ba ya fita teku da shi don kada gishiri ya ci shi, sai ya rataye shi a ƙusa. Ni nake murɗa shi kowace safiya tun daga lokacin don kada ya tsaya. Na cusa shi a ƙarƙashin fiffiken Kaka don ya kai masa, na ɗauka na ɓoye shi sarai. Na manta agogo yana da murya. Na gode da kika karɓa kika saka a aljihunki ba tare da kin nuna wa kowa ba, kika kuma mayar mini a mota. Na mayar da shi wurinsa, da shi aka binne.

Kin ɗan nuna mini hoto ɗaya a gilashin nan, abu kamar kan farin kabeji an raba biyu. Na ga kin daɗe kina kallon gefe guda, ke da malamarki, sannan kika ce sai an zauna an duba a tsanake. To tsanakin nan bai isa ba? Ban manta tambayata ba, ina fata ke ma haka.

Kawunki,
Luom

*

Saigon, ranar Asabar

Kawu,

Muna lafiya, kifi ya iso, Mama ta gode. Ka gafarta mini shirun, aiki ne ya yi mini yawa, ga jarrabawa a gaba.

Ban manta ba. Hotunan sun fita fiye da yadda muka zata. Na ga abin da ya kawo shi gaɓarku, a fili yake, malamata ma ta gani. Amma ba magana ce da zan rubuta a gurguje ba. Ka ba ni lokaci in zo da kaina.

'Yarka,
Lieu

*

Xom Ganh, tsakiyar wata

'Yata, likitar gidanmu,

Gaisuwa mai yawa. Ki ci jarrabawarki, kada ki damu da zuwa da wuri. 'Yar takardarki ta ishe ni.

Na karanta wa Tham, ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun shekarar nan, sannan ta tashi ta dafa shinkafa mai ɗanko da kaza. Na ci kwano biyu. Kin ce kin ga abin da ya kawo shi, kuma a fili yake. Dama na sani, jikina ya ba ni tun a bakin ruwa. Ina so ne kawai wani mai ido ya tabbatar mini ba haukan tsufa ba ne.

Ban yi niyyar gaya wa kowa ba, amma Tham ta gaya wa ƙanwarta, kin kuwa san sauran. Yanzu ƙauyen nan kaf ana cewa na'urar Saigon ta nuna Kaka da saƙo ya zo gidan Luom. Mutanen da suka daina gaishe ni suna tsayawa su kama hannuna. Jiya na shiga ɗakin Kaka da ƙafata, ba don aikin makoki ba, na kunna turare na zauna. Ba Kinh ya ce in kin zo za a tara mutane ki nuna musu hoton.

Ki zo da shi babba, don idanun tsofaffi.

Kawunki,
Luom

*

Saigon, ranar Laraba

Kawu,

Ina gaishe ka da Inna. Lafiyar jiki muna da ita. Ni dai tun da takardarka ta zo hankalina bai kwanta ba. Na so in zo in faɗa maka baki da baki, amma in na zo sai na yi ihu a kunnenka kafin ka ji, kuma wannan ba maganar ihu ba ce.

Ba abin da na ce ke nan ba, Kawu. Na rubuta rabin magana don ina tsoron rubuta dukanta, kai kuma ka cike sauran da abin da zuciyarka ke so.

Ga abin da muka gani. Ƙwaƙwalwarsa kyakkyawa ce, ban taɓa ganin abu mai tsari irinta ba. Daga kowane kunne akwai jijiya mai kauri da ke kai ji zuwa ciki, ta ninka tamu nesa ba kusa ba. Da ita yake sanin zurfi da tudu, da inda 'yan uwansa suke, da inda gaɓa take. A nasa kan, jijiyar dama ta lalace kusan gaba ɗaya, ta hagu ma ta kama hanya. Akwai wata 'yar tsutsa da ke zama a kogon kansu, wani lokaci takan bi jijiyar ta shige ciki. Mun ga sawunta, da kumburi, da wurin da ya yi ruwa. Gefen da ka ga mun daɗe muna kallo ke nan.

Wanda wannan ya sama ba ya jin hanya, kuma jiri ba ya sakinsa. Yana karkata gefe ɗaya, ya yi ta kewaye. Shi ya sa da ka tura shi ya zagayo ya dawo. Da wani ne a tsaye a wurin, ko da turke ne, nan zai dawo.

Ka tambaye ni ko da saninsa ya zo. Na'urata ba ta ganin niyya, ko a kan mutum ba ta gani, kuma ya kamata a ce na gaya maka haka tun ranar Juma'ar nan kafin ka hau mota. Na yi shiru don ina son hotunan. Abin da take gani shi ne nama da jijiya, su kuwa sun ce mara lafiya ne, ya kurmance, ya rabu da garkensu, ruwa ya kawo shi. Na yi ta neman hanyar da zan ce maka wataƙila, ban samu wadda zan iya kallon idonka bayan na faɗa ba.

Ba zan iya tsayawa gaban jama'a in ce hoton ya nuna saƙo ba. Ba kuma zan zo in ƙaryata ka a gabansu ba. Abin da ka ga ya dace ka faɗa musu, ni zan yi shiru a kai.

Ina baƙin ciki, Kawu. Na so a ce abin da kake so na gani.

'Yarka,
Lieu

*

Xom Ganh, ƙarshen damina

'Yata Lieu,

Bayan gaisuwa, ina fata kin ci jarrabawar, don babu wanda ya gaya mini. Muna lafiya. Guguwa ta ɗauke mana rabin rufin kicin, mun gyara. Takardunki biyu na baya sun iso, da maganin tarin da kika aiko bayan tari ya warke. Ban amsa ba don ina fushi, ba sai na ɓoye miki ba. Na yi fushi da ke, na yi da na'urarki, na yi da malamarki da ko sunanta ban riƙe ba.

Na daina fita, Tham ta yi ta kallona. Sai wata rana ina gyaran koma na tuna ranar da kunnuwana suka fashe. Ina ƙasan teku ina tsintar kaguwa, injin da ke turo mini iska ya tsaya, na taso da sauri fiye da ƙima. Wani abu ya tsage a cikin kaina, duniya ta yi tsit, ta fara juyawa. Na rantse miki ban san ina ne sama ba. Ina iyo da duk ƙarfina, ashe kewaye nake yi. Da aka jawo ni jirgi na riƙe ƙafar mutumin da ke kusa na ƙi saki. Ban zaɓe shi ba, mutumin ma ba ma shiri da shi. Ƙafarsa ce kawai a wurin.

Na ajiye komar na je kabarin Kaka na zauna. Na ce masa, ashe kai ma haka ka sha. Na yi zaton babba ne ya zo ba ni haƙuri, ashe ɗan uwana kurma ne ya ɓata hanya. Abin mamaki, a ranar na fi jin tausayinsa fiye da ranar da na ɗauka manzo ne.

Na gaya wa Tham gaskiya. Ta matso ta ɓangaren kunnena ta ce, "To Tin fa? Shi ma ai ba wanda ya zaɓa."

Wannan maganar ce ta zauna mini. Shekarun nan duk a ƙasan teku nake ganin yarona. Ban taɓa kawowa a raina cewa ruwa yana iya kai shi wata gaɓa ba, can kudu ko wata ƙasa da ba a jin yarenmu. Wani mutum ya fito da safe duba komarsa, ya tarar da shi. Bai san sunansa ba, ba saƙo aka aiko masa ba, ruwa ne kawai ya ajiye masa ɗan wani a gabansa. Ban san ko haka ta faru ba, na'urarki ma ba za ta gaya mini ba. Amma in ta faru, na san abin da nake fata mutumin ya yi.

Na je na faɗa wa Ba Kinh komai, tsutsar da jirin da kewayen. Na ce in yana so ya karɓi ƙyallensa, tunda ba zaɓa ta aka yi ba. Ya ce shi a iya saninsa al'ada ta ce wanda ya fara gani, ba ta taɓa cewa wanda aka fi so ba, sauran ƙarin bakin mutane ne. Ya ce in tashi in ba shi wuri yana shara. Mutanen gari wasu sun ji, wasu sun fi son labarin farko, na bar kowa da nasa.

Ki ci gaba da aikinki da hotunan, ki rubuta abin da kika gani yadda kika gan shi. In shekara uku ta cika za a tono ƙasusuwan a wanke su da giyar shinkafa a shigar da su ɗaki. Ɗan fari ne ke ɗaukar ƙoƙon kai. Ki zo ki tsaya kusa da ni, in dattawa sun jefa kwabbai Kaka ya yarda, sai ki leƙa ciki. Za mu tarar da agogon ya tsaya tuni. Ban yi da-na-sanin sa shi ba, kurma ba zai damu da tsayawarsa ba.

Ƙyallen ya fara yin ja saboda gishiri, Tham tana wanke mini shi duk mako. Kowace safiya ina ɗaura shi da kyau, in ja kullin sosai, yadda nake so a ce wani ya ɗaura don Tin.

Ki gaida mahaifiyarki. Ɗakin yana nan a share.

Kawunki,
Luom